Shaidar Mizani a Kan Ribozom

A shekara ta 1121, a birnin Marwa na ƙasar Hurasana, wanda kufansa yake cikin Turkmenistan a yau, wani malami mai suna Abdurrahman al-Khazini ya kammala littafinsa a kan wani ma'auni mai faranti biyar, wanda ya kira Mizanul Hikima. Muradinsa kuwa ya wuce sanin nauyin abu kurum, domin so yake idan an kawo curin zinariya taskar Sarki Sanjar, a auna shi a sarari, a sake auna shi cikin ruwa, sa'an nan daga bambancin awon biyu a gane ko zinariyar tsantsa ce ko an yi mata algus da azurfa, a kuma san miƙdarin algus ɗin, ba tare da an narka curin ko an fasa shi ba. Wannan ƙa'ida, ta cewa nauyi shaida ne a kan baɗinin abu idan mai awo ya san lissafinsa, ita ce take faɗo mini a rai duk sa'ad da na koma kan labarin yadda masanan zamaninmu suka ɗora ribozom a kan mizani, suka ji daga gare shi abin da hoto mafi kyau ya kasa nuna musu.

Kowane mai rai, tun daga bakteriyar da ke sa zawo har zuwa kuka da giwa da ɗan Adam, ƙwayoyin halitta ne tubalin jikinsa, kuma galibin hidimar da ke gudana cikin waɗannan ƙwayoyi furotin ke yin ta: shi ke dakon iskar numfashi cikin jini, shi ke narka tuwo a ciki, shi ne tsoka, shi ne gashi da farce. Furotin kuwa, in an warware shi, kamar carbi yake, sai dai duwatsunsa iri ashirin ne, waɗanda ake kira amino asid, kuma tartibin da aka jera su a kai shi ke bambanta wani furotin da wani. Wannan tartibi a rubuce yake cikin DNA, daga can ake kwafo shi a kan wani zare da ake kira RNA ɗan saƙo, ribozom kuma shi ne ma'aikacin da ke riƙe zaren, yana karanta haruffansa uku-uku, kowane uku ya ɗauko dutsen da suka ambata ya ɗaura a kan na baya, har carbin ya cika. A cikin bakteriyar hanji da ake kira E. coli, ribozom guda yana ɗaura duwatsu kusan 20 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma irinsa dubbai ne a cikin ƙwaya guda; a ƙwayar halittar mutum kuwa miliyoyi ne. Ƙanƙantarsa ta kai a jera 50,000 kafaɗa da kafaɗa kafin su cika milimita ɗaya.

George Palade, ɗan asalin Romaniya da ke aiki a Amurka, shi ya siffanta su a 1955, a matsayin baƙaƙen ɗige-ɗige ƙarƙashin madubin ilektiron, sunan ribozom kuma a 1958 aka raɗa shi. Daga baya aka gane gida biyu ne da ke haɗuwa kamar akushi da marufinsa, ƙaramin ana ce masa 30S, babban 50S, in sun haɗu kuma 70S. Kada mai karatu ya ce an yi kuskuren lissafi, domin lambobin nan saurin kwanciyar abu suke nunawa idan an juya shi cikin injin tacewa na Svedberg, ɗan Suwidin, sauri kuwa ba a tara shi yadda ake tara nauyi. Kashi biyu cikin uku na jikin ribozom RNA ne, ragowar kuma furotin ne sama da iri hamsin. A birnin Barlin, Heinz-Günter Wittmann da abokin aikinsa Kaltschmidt suka rarrabe waɗannan furotin a 1970, suka ba kowanne lamba, na ƙaramin gida da harafin S, na babba da harafin L, kuma da waɗannan lambobi aka ci gaba da kiransu shekara da shekaru.

Sanin sunayen mazauna gida daban, sanin inda kowa ke kwana daban. Domin a ga fasalin ribozom zarra bayan zarra, sai da aka sa miliyoyinsa suka daskare sahu-sahu kamar ƙwayar gishiri, aka haska musu hasken eksire, aka lissafa surarsu daga yadda hasken ya watsu. Ada Yonath ta sami daskararren farko a 1980, a lokacin da mafi yawan masana ke ganin aikin ba mai yiwuwa ba ne, kuma sai a shekara ta 2000 cikakkiyar sura ta fito: Thomas Steitz da Peter Moore suka fitar da ta babban gida daga wata halitta mai rayuwa a Bahar Lut, Venkatraman Ramakrishnan da Yonath kuma, kowa da jama'arsa, suka fitar da ta ƙaramin gida daga wata bakteriyar ruwan zafi mai suna Thermus thermophilus. A 2009 Ramakrishnan da Steitz da Yonath suka raba kyautar Nobel, kuma sun cancanta, domin surar ta tabbatar da cewa gurbin da ake ɗaura duwatsun carbin RNA ne zalla, babu furotin a kusa.

To, amma wannan irin hoto yana da illa guda wadda ke cikin ɗabi'arsa. Dattawa za su tuna mai hoto na da, wanda ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya ce kowa ya tsaya cik. Yaron da ya motsa hannu, sai hannun ya fito kamar hayaƙi ko ya ɓace ɗungum. Haka hoton eksire yake, har ma ya fi, domin matsakaicin miliyoyin ribozom yake nunawa, saboda haka gaɓar da ke lilo ba ta fitowa, abin da wasu ke da shi wasu ba su da shi kuma yakan dushe. A gefen babban gida akwai wani reshe da ya miƙo waje kamar hannu, wanda aikinsa shi ne cafko mataimakan da ke kawo duwatsu da masu tura zaren saƙo gaba, kuma saboda ba ya zama wuri ɗaya, mafi yawansa bai bayyana a hotunan shekara ta 2000 ba. A nan ne mizani ya sami abin faɗa.

Wanda ya taɓa tsayawa a masussuka bayan kaka ya ga mata suna shiƙa, ya riga ya ga asalin na'urar da Turawa ke kira mas sifektiromita, wadda ni zan kira mizanin zarra. Mace ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta tsiyayo gero a hankali zuwa wata ƙwaryar da ke ƙasa, iska na busowa ta gefe. Tsaba mai nauyi ta sauko kusan tsaye, ƙaiƙayi ya yi nisa, tsabar da ba ta ƙosa ba kuma ta faɗi tsakani, har wanda ya zo daga baya, da duban inda kowane abu ya sauka, ya iya faɗin wanne ya fi wanne nauyi. A cikin mizanin zarra an zuƙe iska sarai, an maye gurbinta da ƙarfin lantarki ko na maganaɗisu, kuma tun da wannan ƙarfi ba ya taɓa abin da ba ya ɗauke da caji, sharaɗi ne a ɗora wa abin da za a auna caji tukuna. A wani nau'in na'urar lanƙwasar tafiyarsa ake dubawa, a wani kuma tsere ake sa su cikin bututu bayan an ba kowa turi iri ɗaya, marar nauyi ya riga isa, mai nauyi ya biyo baya. Sakamakon yakan fito a allon kwamfuta layi-layi a tsaye kamar haƙoran mashaci, kowane layi a gurbin nauyinsa. Abin da ake samu a haƙiƙa nauyi ne da aka raba da adadin caji, amma da yake abu guda yakan fito da layuka maƙwabta waɗanda caji ɗaya ne tsakaninsu, ɗan aljabara kaɗan ya isa a fitar da nauyin na ainihi. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa dalton, wanda ya yi kusa da nauyin zarrar haidirojin guda. Ɗigon ruwa mafi ƙanƙanta dalton 18 ne, furotin ɗin jan jini kimanin 64,500, ribozom ɗin E. coli kuwa kimanin miliyan 2.3.

J. J. Thomson ne ya fara wannan awo a Kambirij, inda wajen 1913 ya ga iskar niyon ta rabu gida biyu, mai nauyin 20 da mai nauyin 22, almajirinsa Francis Aston kuma ya ƙera na'ura mafi inganci a 1919. Amma an shafe shekaru kusan saba'in mizanin bai karɓi manyan abubuwa ba, saboda hanyar tayar da abu sama a wancan zamani zafi ce, furotin kuwa in ya ji zafi dahuwa yake kamar ƙwai, ba ya tashi. John Fenn, wani dattijon masani a jami'ar Yale, shi ya buɗe wannan ƙofa a ƙarshen shekarun 1980 da dabarar feshi: a tura ruwan da furotin ke ciki ta bakin allura mai ɗauke da lantarki, ruwan ya fashe ya zama raɓa mai caji, raɓar ta yi ta bushewa tana tsagewa har furotin ya rage shi kaɗai a sarari da cajinsa, bai ƙone ba, bai karye ba. Shi da kansa ya kwatanta abin da sa wa giwa fukafukai, kuma ya karɓi Nobel a 2002 yana da shekara 85. Domin mai karatu ya ji kaifin wannan awo, ga misali daga ciwon da gidajenmu suka sani: ɗaya daga sarƙoƙin furotin ɗin jan jini nauyinta dalton 15,867 ne ga mai lafiya, ga mai sikila kuwa 15,837, saboda dutse ɗaya tak da aka musanya, kuma mizanin yana ganin wannan talatin ɗin ƙarara.

Auna furotin guda abu ne, auna ribozom sukutum da gudansa kuwa wani abu ne dabam, domin gaɓoɓinsa hamsin da ɗoriya ba a ƙulle suke da juna ba, riƙon juna kawai suke yi, kuma masana da yawa sun tafi a kan cewa ruwa ne ke tsare wannan riƙo, da zarar an raba su da ruwa sai su watse, abin da za a auna kuma tarkace ne da ba ya ba da labarin komai. Wadda ta tsaya tsayin daka a kan saɓanin wannan ra'ayi ita ce Carol Robinson ta Ingila, kuma tarihinta ya isa a tsaya a kansa. Ta bar makaranta tana da shekara 16, ta kama aikin mataimakiya a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin magani na Pfizer, inda ta fara sarrafa mizanin zarra, tana karatu a gefe har ta kai ga digirin digirgir a Kambirij. Sa'an nan ta ajiye aiki shekara takwas tana renon 'ya'yanta uku, ta dawo fagen bincike a Oksfod daga ƙasan tsani, kuma ita ce mace ta farko da ta zama farfesar kimiyyar sinadarai a Kambirij a 2001, ta sake zama ta farko a Oksfod a 2009. Ina ambaton wannan ne saboda 'yan'uwanmu mata da aure da goyo suka katse wa karatu, waɗanda ake yawan gaya wa cewa lokacinsu ya wuce.

Aikin da kansa aikin hannu ne mai bukatar haƙuri. Ana jan bututun gilashi a wuta har bakinsa ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, a shafe shi da zinariya don ya ɗauki lantarki, a ɗura masa ruwan samfuri wanda bai kai ɗigon hawaye ba, a saita shi a gaban ƙofar na'ura, a ba shi lantarki sama da bolt dubu. Wannan siririyar allura, wadda Matthias Wilm da Matthias Mann suka kyautata a Jamus a tsakiyar shekarun 1990, raɓarta ta fi ƙanƙanta, bushewarta kuma ta fi sauƙi. Wahalar tana wajen gishiri: ribozom ba ya zama a haɗe sai da maganiziyam, gishirin da ba ya tashi kuwa manne wa samfuri yake ya dagula awo, saboda haka ake wanke ribozom cikin wani gishiri mai ƙafewa da ake kira amoniyam asitet, a bar maganiziyam daidai gwargwadon da zai riƙe shi. Har iskar da ke ɗakunan farko na na'urar sai da aka ƙara kaɗan, domin ta tare wannan ƙaton abu ta rage masa gudu a hankali. A shekara ta 2000 Robinson da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa ribozom ɗin E. coli ya ratsa na'urar a haɗe. Da suka rage maganiziyam ya rabu gida biyu kamar yadda yake yi a ruwa, suka auna ƙaramin gida suka sami dalton kimanin 852,000, abin da bai kauce wa jimillar gaɓoɓinsa da kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da suka riƙa karo da shi da iska da ƙarfi, sai furotin suka riƙa ɓallewa, na bakin gaɓa da masu sassauƙan riƙo a gaba, waɗanda RNA ya rungume kuma suka ƙi saki. Ashe ribozom yana tuna tsarinsa ko bayan ya rabu da ruwa.

Cikin abubuwan da ke saurin ɓallewa har da hannun nan da hoto ya rasa, kuma yakan fito a dunƙule. An daɗe da sanin cewa a hannun nan na E. coli furotin L10 guda ne ke ɗauke da L12 guda huɗu, L12 ɗin ne ma kaɗai furotin ɗin da ribozom ke da fiye da ɗaya nasa. L10 nauyinsa wajen 17,500, kowane L12 wajen 12,000, jimilla kimanin 66,000. Da yake E. coli ita ce allon da kowa ya yi karatu a kansa, sai aka yi ƙiyasi aka ce kowace bakteriya huɗu gare ta, maganar ta shiga littattafai kamar an yi ijma'i a kanta. A 2005 jama'ar Robinson suka ɗora ribozom ɗin bakteriyar ruwan zafi a kan mizani, har da Thermus ɗin nan da aka zana surarsa, suka ware hannun shi kaɗai a cikin na'ura, sai nauyin ya zarce lissafi da daidai nauyin L12 guda biyu. Suka farfasa shi a ciki suka ƙirga abin da ya fito, shida ne. A shekarar nan kuma wasu masana a Jamus suka daskarar da guntun hannun daga wata bakteriya mai suna Thermotoga maritima, suka ga gurabe uku a jikin L10, kowanne na ɗaukar biyu, shaidu biyu suka haɗu a kan magana ɗaya. Binciken da ya biyo baya a 2013 ya nuna galibin bakteriya huɗu ne ko shida, kuma ba zafin mazauni ke yanke hukunci ba, har wasu daga dangin bakteriya masu launin kore, dangin da ake samo dihe da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan Kanem, takwas gare su. A ganina darajar wannan bincike ba ta tsaya ga lambar shida ba. Ta nuna cewa abin da aka ɗauka yaƙini ne shekaru da dama zato ne da aka gina a kan halitta guda, kuma ƙirga ce ta warware shi.

Akwai wani sashe na shaidar mizani da na fi jin daɗinsa, shi ne na ƙananan alamomin da ake yi wa ribozom bayan an gama ƙera shi, waɗanda ba a rubuce suke cikin DNA ba, kamar wasali da ɗigo da ake sa wa matani bayan an rubuta baƙaƙensa. Masani yakan lissafa nauyin da furotin ya kamata ya yi daga jerin duwatsunsa, ya auna, ya duba bambanci. In ya ga ragin 131, ya san an yanke dutsen farko. In ya ga ƙarin 14, an liƙa ɗan guntun da ake kira metil. In 42 ne, galibi asetil ne. L7 da L12, waɗanda aka ba lamba biyu a Barlin, furotin ɗaya ne, asetil ne kawai ya raba su, abin da masanan farko suka sha wuya kafin su gano, mizani kuwa yana nuna shi a layi biyu masu tazarar 42. L11 yana ɗauke da metil tara. A 1996 Kowalak da Walsh suka ga ƙarin 46 a jikin S12, suka bi sawunsa har suka gano wata alama mai ɗauke da farar wuta wadda ba a taɓa ganin irinta a furotin ba. A ɓangaren RNA kuma, Masato Taoka da abokan aikinsa a Japan sun ƙirga gurabe 228 masu alama, iri 14, a ribozom ɗin ɗan Adam a 2018. Sai dai a nan mizani yana da makanta guda: akwai harafin RNA da ake juya wa zama ba tare da an ƙara masa ko an rage masa komai ba, nauyinsa na nan yadda yake, don haka sai an yi masa wata dabara ta daban kafin a gan shi.

Kada a ɗauka waɗannan ƙananan lambobi nishaɗin malamai ne kawai. Ribozom ɗin bakteriya ya saɓa da namu, namu ya fi girma, furotin ɗinsa wajen tamanin, kuma a kan wannan saɓani ne magunguna da yawa suka dogara: tetracycline da streptomycin da gentamicin ƙaramin gida suke kamawa, erythromycin da azithromycin da chloramphenicol, wanda allurarsa mai maiƙo ta ceci rayuka a annobar sanƙarau a ƙasashenmu, babban gida suke toshewa. Bakteriyar tarin fuka takan kuɓuce wa streptomycin ta hanyar musanya dutse guda a S12, musanyar da ke ƙara dalton 28. Wasu kuma metil suke liƙawa a kan harafi ɗaya na RNA ɗin babban gida, daidai inda erythromycin da danginsa ke zama, maganin ya zo ya tarar an canja kuba. A babban gwajin da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ba wa ƙananan yara azithromycin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu a Nijar da kimanin kashi 18 cikin ɗari, alheri ne babba, amma an kuma ga bakteriya masu jure maganin sun ƙaru a garuruwan da aka raba shi. Duk kafson da aka saya a tire a tashar mota, aka sha biyu aka watsar da saura, taimako ne ga masu waccan alama ta 14.

Mizani ya kuma ba da labarin yadda ake gina ribozom. Tun 1968 Masayasu Nomura ya nuna a Amurka cewa in an wargaza ƙaramin gida aka zuba gaɓoɓinsa cikin kwalba da ɗan ɗumi, da kansu suke sake haɗuwa, ya kuma zana taswirar wanda ke jiran wani kafin ya zauna. Abin da taswirar ba ta faɗa ba shi ne lokaci. James Williamson da jama'arsa a Kalifoniya suka yi wata hikima a 2005: suka ciyar da bakteriya da naitirojin mai nauyin 15 maimakon 14 da aka saba, ta yadda furotin ɗinta suka ɗan fi nauyi alhali ɗabi'arsu ba ta sauya ba, suka zuba wa RNA masu nauyin, bayan ɗan lokaci ƙayyadadde suka kwararo marasa nauyin da yawa, suka bari gini ya kammala, sa'an nan suka auna. Furotin da ya riga ya zauna kafin kwararowar da nauyi zai fito, wanda ya makara kuma marar nauyi ne zai cike gurbinsa. Da suka maimaita da lokuta dabam-dabam, sai ya bayyana cewa ginin ba hanya ɗaya tilo yake bi ba, hanyoyi ne da yawa da ke kai wa gida guda, in wata ta toshe a bi wata.

A 'yan shekarun nan madubin ilektiron mai duban daskararren samfuri ya karɓe ragamar zana sura, mizani kuma ya zama abokin tafiyarsa. Sa'ad da jama'ar Nenad Ban a Zurik suka zana babban gidan ribozom ɗin mitokondiriya, wato ɗakin wutar ƙwayar halitta, a 2014, sun tarar da furotin da babu irinsu a bakteriya, surar kuma ba ta yi kaifin da za a gane kowanne ba. Sai aka zuba wani sinadari mai kai biyu wanda ke ɗaure duk furotin biyu da ke maƙwabtaka, aka daddatsa, mizani ya faɗi wa aka ɗaure da wa, da haka aka zaunar da kowa a gurbinsa. A Utrecht ta ƙasar Holan kuma, Albert Heck da abokan aikinsa, tare da Alexander Makarov mai ƙera na'urar Orbitrap, sun kai awo wani matsayi a 2017 inda a cikin kwalba guda suka rarrabe ribozom masu ɗauke da wani ƙaramin furotin mai suna SRA, nauyinsa wajen 5,000, da waɗanda ba su da shi. Wajibi ne dai a faɗi haddin abin: mizani ba ya zana sura, ba ya nuna lanƙwasa ko kusurwa, kuma abin da ya ɓalle a cikin na'ura ba lalle ne haka yake ɓallewa a cikin mai rai ba, shi ya sa masu hankali daga cikin ma'abotansa ba sa yanke hukunci sai sun sami shaida ta biyu.

Inda wannan ilmi ya fi kusantar majinyaci shi ne ɗakin gwajin asibiti. Ma'aikaci ya ɗauki tsinke, ya lakato ɗan tabon bakteriyar da ta tsiro a farantin shuka, ya shafa a kan wani ɗan allon ƙarfe mai da'irori, ya ɗiga masa ruwan wani sinadari mai shan haske, ya bari ya bushe, ya tura allon cikin na'ura. Hasken leza ya bugi tabon, furotin suka tashi suka yi tsere a bututu, layuka suka fito tsakanin dalton 2,000 da 20,000, kwamfuta ta gwada su da dubban da ke taskarta, cikin 'yan mintoci ta faɗi sunan ƙwayar, aikin da a da yakan ci kwana ɗaya ko biyu. Galibin layukan nan furotin ɗin ribozom ne, domin su suka fi yawa a cikin bakteriya, kuma nauyinsu ya ɗan bambanta daga jinsi zuwa jinsi alhali ba ya sauyawa da abincin da aka shuka ta a kai. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin waɗannan na'urori a 2013, kuma sun zama kayan yau da kullum a manyan asibitocin Turai. Kowane gwaji kuɗinsa kaɗan ne, amma na'urar tana da tsada, tana son wutar da ba ta yankewa da injiniyan da zai duba ta. Kafin duk wannan kuma sai ƙwayar ta iso da ranta an shuka ta, ita kuwa ƙwayar sanƙarau ba ta jure sanyi, ba ta jure jinkiri, ruwan ƙashin bayan da aka ɗebo daga yaro a asibitin ƙauye cikin zafin bazara yakan rasa ta a hanya, sai fa in an zuba shi cikin kwalbar abinci ta musamman da ke riƙe ta har a isa birni.